Ɗaurin Kubra

A garinmu Gidan Sori in kana neman Falalu ba sai ka yi sallama a ƙofar gida ba. Ka zagaya bayan rumbu, za ka ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota. To ka gaida ƙafafun, mai su zai amsa. Falalu taubashina ne. Ni Zinariya ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya, ko da yake har yau bai yarda ba. Duk abin da na faɗa a kansa ina da iko, kuma gishirin da na ƙara bai fi na miya ba.

Motar tsohuwa ce. A da fara ce, yanzu kuwa ba mai iya rantsewa a kan launinta. Da ita ya yi yawon kasuwanni tun gemunsa na baƙi, ya ɗebi mutane da awaki da buhunan gero, da ita ya ciyar da gida har ya aurar da ƴaƴa. Ƴar Gata yake ce mata. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Allurar da ke nuna mai ta daɗe da kwanciya. Marfin tanki ya faɗi a wata hanya, sai ya cusa tsumma a bakin, ya mai da ƴar ƙofar ƙarfen da ke rufe wurin. Amma duk da haka ban taɓa jin Falalu ya ce mota ta yi laifi ba. In ta tsaya, to mai sayar da isansi, wato fetur, ne ya yi algus, ko hanya ce ta lalace, ko an ɗauko fasinja mai nauyin jini. Akwai ranar da ni ya ɗora wa, wai bakina ne.

Bara ta mutu masa a tsakiyar kasuwar Sae Sabuwa, sai da aka ɗaura ta a bayan amalanken shanu aka jawo ta gida, yara na tafi. Ɗansa Tahiru, wanda ke da babur da baki, ya ji kunyar abin har cikin ransa. Ya kawo masu sayen tsohon ƙarfe suka zagaya motar suna ƙwanƙwasa ta kamar masu zaɓen ƙwarya.

"Baba, wagga mota ta gaji," in ji Tahiru. "Ka bari a sai da ta tun tana da nauyi."

Falalu ya kori mutanen, amma zuciya ta ɗebe shi, ya yi magana a gaban dattawan da ke zaune gindin itacen bedi. "Ran da tat tsaya bisa hanya da laihinta, ba laihin mai ba, ba laihin mutum ba, laihinta ita da kanta, ga makulli, ka kai ta inda kaka so."

Kowa ya ji. Falalu kuwa, duk surutunsa, ba ya magana biyu.

Matarsa Kubra kuwa, dama ita magana ba sana'arta ba ce. Sana'arta ɗauri. In kaka ta yi, ta zuba wake a bido, wato jarka, sai ta shimfiɗa leda ninki biyu a bakin, ta naɗe da zaren robar da ake yankowa daga cikin tayar babur, ta ja, ta ƙulle. Iska ba ta shiga, ba ta fita, ƙwaron da ke ciki numfashi yake rasawa ya mutu. Waken Kubra sai ya kai damina ba huda ko ɗaya. Matan unguwa layi suke yi da bidonsu ta ɗaure musu. Mace ce mai kunya da gudun abin faɗa, tun da aka kawo ta gidan nan ba wanda ya taɓa samun abin dariya a kanta. Ni da kaina na nema na rasa.

Da kakar bana ɗiyarsu Sumayya ta haihu a Cadakori, haihuwar fari. Aka shirya za mu tafi jajibirin suna da kayan barka, ni da Kubra da Falalu. Kubra ba ta iya hawa babur saboda ciwon ƙugu, don haka dole Ƴar Gata ce za ta kai mu. Tun da sauran kwanaki Falalu ya tare a ƙarƙashinta. Ana gobe tafiya ya sayo isansi kwalba kwalba ya ɗura mata har wuya, ya cusa tsummansa. Ina gidan muna dakan yaji ya shigo yana shinshina iska.

"Kun ji wari? Mai na ka tashi sama. Rana ka shanye min shi ta tsumman ga. Kahin gobe ta sha rabonta, in yak kasa kai mu, yaron ga ya samu abin hwaɗi."

Na ce masa ya kwana a bakin tankin yana fifita. Kubra ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

Da hantsi muka kama hanya. An ɗaure buhun gero da bidon wake a bisa, mu biyu muna baya, Falalu ya sa babbar riga da hula ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, yana ɗaga wa mutane ɗayan ko ba su gaishe shi ba. Tahiru na biye da mu a babur, wai rakiya. Amma na ga igiyar jan mota a naɗe a bayan babur ɗin, kuma ya ɗaure ta yadda uban zai gani.

Ƴar Gata ta yi tafiya lafiya har muka bar gonakin garinmu. Ko'ina damman gero a jingine, harawa a kan itatuwa. Falalu har ya fara ba mu labarin shekarar da ya tsallaka gulbi da ita ruwa na shiga ta taga. Labarin bai kai tsakiyar gulbi ba motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta ja jiki kamar mai tsamin ƙafa, ta yi shiru a tsakiyar rairayi.

Falalu ya murɗa makulli, inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake, haka. Sai ga Tahiru ya tsaya daidai tagar uban, ya kashe babur a hankali.

"Lahiya, Baba?"

"Hutawa taka yi."

"To. Allah huta gajiya."

Falalu ya cire babbar riga ya ninke, ya ɗaga kapo, murfin inji. Ni ma na fito, don taubashi ba ya shiga uku a bar shi ba mai kallo. In faɗi gaskiya, a bakin inji Falalu wani mutum ne daban. Surutu ya ɗauke. Ya ce tunda inji na juyawa da ƙarfi, batir ba shi da laifi, saura a san ko wuta ce babu ko mai. Ya zare wayar buji guda, wato fulogi, ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce Tahiru ya murɗa makulli. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, ƙyas ƙyas.

"Wuta na nan," ya ce.

Ya ɗauko ƴar kwalbar isansin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, ya buɗe saman karburato ya tsiyaya kaɗan. Tahiru ya murɗa. Motar ta tashi da ruri har jakin da ke kiwo can gefe ya zabura, kafin in ce alhamdu ta sake mutuwa.

"Kun gani? Lahiyarta lau. Yunwa ta. Abinci na ba ya kai mata baki."

Na ce, "Gadon gida ne, kai ma in ba a kai maka baki ba ba ka tashi."

Bai kula ni ba. Ya bi tiyon mai da hannu har ya iske filtir, wata ƴar roba mai kama da gwangwanin tumatir da ake hango cikinta. A bushe take. Ya cire ta ya hura, iska ta fita ta ɗaya gefen ba wani cikas. Ba ita ce ta toshe ba. Ya mai da ita, ya zare tiyon da ke fitowa daga pompi, famfon da ke jawo mai daga tanki, ya ce a murɗa. Da lafiya ce da mai ya yi tsartuwa. Ko ɗigo bai fito ba.

"Pompi ya mutu," in ji Tahiru, yana ƙoƙarin ɓoye murna. "Pompi kau jikinta na, Baba. Laihinta na."

Falalu ya zare ɗaya tiyon, wanda ke shigowa daga tanki, ya ɗora babban yatsansa a bakin pompi. "Murɗa." Tahiru ya murɗa. Falalu ya ɗago yatsan ya nuna mana, ga ɗan zagaye ya kwanta a fatar inda pompi ya tsotse shi.

"Matacce ka tsotso haka? Pompi na da rai. Daga baya abin yake."

Ya sa tiyon tanki a baki ya zuƙa har kumatunsa suka shige ciki. Ba abin da ya zo, sai ma tiyon ya kama masa harshe, da ƙyar ya ɓamɓare. Ya tsaya yana duban tiyon kamar ɗan da ya raina ya zage shi. Sai ya cika ƙirji ya hura. Ya hura har idanunsa suka yi ja, muka ji ɓul ɓul ɓul can ƙarƙashin mota ta baya. Ya haɗa komai, ya tsiyaya ɗan mai a karburato, ya shiga da kansa ya murɗa. Ƴar Gata ta tashi, kuma ta zauna da tashinta.

"Datti na yat toshe hanya, na mai da shi," ya ce yana sa babbar riga. "Mai sai da isansin ga bai tsoron Allah. Ba laihinta ba na. Zinariya, ke shaida ta."

Na ce ni ban ga datti ba, na dai ga tsoho na busa kamar mai algaita.

Murnar ba ta yi nisa ba. Ko labarin gulbi bai koma kansa ba ta sake tari, ta sake jan jiki, ta mutu a gindin wani gawo. Wannan karon ban yi dariya ba. Na hango fuskarsa a madubi, sai tausayinsa ya kama ni, abin da ban saba ba. Kubra ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Tahiru ya tsaya, ya fara kwance igiyar jan mota, wannan kuwa ya fi magana ciwo.

Falalu ya sake bin hanyar nan tun daga farko. Filtir a bushe, pompi na tsotso, tiyo na kama harshe.

"Ko dai ba mai ciki?" in ji Tahiru daga bakin kapo. "Wataƙila tanki ya huje, ya tsiyaye bisa hanya."

"Ni na ɗura shi da hannuna!"

"To a gwada mana."

Falalu ya karyo karan gero a bakin gona don ya zura a tanki, dama shi ne allurarsa. Ya zagaya baya, na bi shi. Ya buɗe ƴar ƙofar ƙarfen, sai ya tsaya cak da kara a hannu.

Ba tsumma. Leda ce baƙa, ninki biyu, an shimfiɗa ta a bakin tankin an naɗe da roba, an ja, an ƙulle. Tsakiyar ledar ta lotsa ciki kamar ana jan ta daga ƙasa. Duk Gidan Sori ba mai wannan ɗaurin sai mace ɗaya, ga ta nan zaune a kujerar baya, tsakaninta da mu gilashi ne kawai, shi ma rabinsa a buɗe.

Nan take na gane abin da ya faru, ko da yake ban san mota ba. Buta ma in ka toshe bakinta na sama ba ta zuba. Tsumman Falalu, duk ƙazantarsa, yana barin tanki ya sha iska. Kubra ta ji mijinta na kukan rana na shanye masa mai, ta ji tsoron kada mai ya kasa ya ji kunya gaban ɗansa, sai ta fita ba wanda ya sani ta yi wa motar gatan da take yi wa wakenta.

Dariya ta taso mini tun daga cibiya. Ga shi an wanke Ƴar Gata tas, laifin mutum ne, makulli ya tsira. Na buɗe baki zan ƙwala wa Tahiru kira, sai Falalu ya dube ni. Tun muna yara muke faɗa da shi, bai taɓa roƙona komai ba sai ranar, kuma da ido ya yi. Na haɗiye dariyata, ta tsaya mini a maƙoshi kamar gayan tuwo.

Ya gwada kwance ƙullin da farce, ina, ɗaurin Kubra ne. Ya sa ƴar wuƙarsa ya yanke robar. Iska ta faɗa tankin da wani dogon tsaki, fiiiii, ƙarfen ya yi ɓam daga ƙasa ya koma daidai. Ya dunƙule leda da roba ya tura aljihu, ya yage bakin tsumman goge hannu ya cusa, ya rufe.

"Mi ka gani?" Tahiru ya ɗago kai.

"Mai na nan."

Ya tsiyaya sauran na kwalba a karburato, ya murɗa, ya sake murɗawa. Filtir ta cika muna kallo. Motar ta tashi.

"To mi ya hana ta ɗazu?"

Falalu ya daɗe yana goge hannu. Ya san bakin ɗansa. Ya san gidan surukai za mu, cike da mata, kuma kafin a yanka rago labari ya gama Cadakori ya komo Gidan Sori a kan babur.

"Ba komi," ya ce. "Tsuhwa na. Haka take yanzu, in ta ga dama ta tsaya. Laihinta na."

Tahiru ya saki baki. Ni kuwa na juya ina kallon gawo, don kada a ga idona.

Daga nan har Cadakori Ƴar Gata ko tari ba ta yi ba. Falalu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai ɗaga wa kowa hannu ba, bai ƙarasa labarin gulbi ba. Na saci kallon Kubra a gefena. Na ce a raina, Allah ya sa ba ta ga komai ba.

Ƙofar gidan surukan Sumayya cike take, maza a tabarma, mata na shiga da fita da itace da ƙore. Aka taso ana mana barka da zuwa, samari suka hau sauke kaya. Falalu ya kashe mota, ya ɗan zauna, ya shafa sitiyari sau ɗaya. Ya fito ya miƙa wa Tahiru makulli a gaban kowa.

"Na yi magana gaban mutane. Ga shi. In mun koma gida ka kira masu sayen tsohon ƙarhen."

Tahiru ya karɓa, amma ba murna a fuskarsa. Abin da ya daɗe yana nema ya zo hannunsa, ya tsaya da shi kamar an ba shi garwashi.

Sai na ji ana kwance igiyar ƙofar baya. Kubra ta sauko a hankali tana dafe da ƙugu. Matar da ko a ɗakinta sai ka kasa kunne kake jin muryarta, ta tsaya a ƙofar gidan surukai, gaban maza, ta miƙa hannu.

"Miƙo nan."

"Inna?"

"Miƙo, na ce." Ta karɓe makullin. "Mota ba ta yi laihi ba. Ni na shaƙe ta. Na ɗaure mata baki da leda jiya, kamar bidon wake, don kar rana ta sha mai. Ledar na cikin aljihun Malam. Na ji kukan da ta yi da anka yanke, na san kukan ɗaurina."

Sai wata tsohuwa daga cikin zaure ta ce, "Halan ƙwaro kika gani ciki?" Shi ke nan, dariya ta ɓarke. Maza na yi, mata na yi har da riƙe ciki, wani na maimaita wa wanda bai ji ba. Tahiru ya zauna a kan babur yana dariya yana share ido. Kubra ta tsaya a tsakiyarsu, kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ba ta rufe fuska ba. Ta kama hannun rigar mijinta ta saka masa makullin a tafi.

"Wa yat tambaye ki?" in ji Falalu. "Wa yac ce ki yi magana?"

Ta bi mata ta shige wurin jikanta.

An yi suna lafiya. Kafin a gama rabon goro sunan Kubra ya koma Mai Shaƙe Mota, har mata na tambayarta ko tana ɗaure babur. Ni ma na samu abin da na daɗe ina nema a kanta, sai dai na kasa amfani da shi.

Da za mu koma, mun shiga mun zauna, Falalu bai shigo ba. Na leƙa, sai na gan shi a bakin tanki. Ya zare tsumman ya yar. Ya fiddo ledar nan daga aljihu ya warware ta a kan gwiwa, ya karyo ƙayar aduwa ya huda ta a tsakiya, huda ɗaya ƴar ƙarama. Ya shimfiɗa ta a bakin tankin, ya naɗa robar, ya yi ta fama da ƙulli yana kwancewa. Can ya ɗago ya leƙo ta taga, bai dubi kowa sosai ba.

"Ke, taho ki ɗaure. Naki ya hi tsummana. Hanci kawai ya rasa."

Kubra ta kwance igiyar ƙofa ta fita.